Guraben Maori da 'yan tsibiran Fasifik a jami'o'in Niyuzilan: gyara ne ko son kai?

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga wata magana ina so mu tattauna, tun da muna da mutanenmu mazauna Niyuzilan a wannan zaure. Tun 1972 Jami'ar Okland ta fara wani tsari da yanzu ake kira MAPAS, wanda yake ware gurabe a karatun likitanci da sauran fannonin lafiya ga 'yan ƙabilar Maori, wato 'yan asalin ƙasar, da kuma 'yan tsibiran Fasifik irin su Samowa da Tonga da Fiji. Jami'ar Otago ma ta fito da nata a 2012, wanda a yau ya haɗa har da 'yan karkara, da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, da 'yan gudun hijira. To gwamnatin haɗaka da ta hau a ƙarshen 2023 ta rubuta a yarjejeniyar da jam'iyyar National ta ƙulla da jam'iyyar ACT cewa za a sake duba waɗannan tsare-tsare. Masu suka na cewa wariya ce. Masu goyon baya na cewa in aka cire, an koma gidan jiya. Me kuke gani?

Injiniya Kabiru:
Wa alaikumus salam Malam. Ni matsayina a fili yake. Likita rayukan mutane yake riƙewa. In gurbi 200 ne, a jera yara bisa makinsu, a ɗauki 200 na farko, shi ke nan. Ka ɗauki yaron da iyayensa suka zo daga Indiya ko Filifin, ubansa na tuƙa tasi dare da rana, shi kuma ya hana idonsa barci ya ci maki mai yawa, sannan a ce masa babu wuri, an ba wanda bai kamo shi ba. Me za ka faɗa masa? Shi ya ƙwace ƙasar Maori? Yaron da bai ji ba bai gani ba, don me zai biya bashin da Turawan ƙarni na 19 suka ci?

Dakta Aminu:
Injiniya, tambayarka tana da nauyi, kuma a nan Dunidin, garin da Jami'ar Otago take, ba ta taɓa kwanciya ba. A 2020 ma sai da ta zama babbar taƙaddama a Otago, lokacin da aka kawo maganar sa wa waɗannan gurabe iyaka. Amma mu fara da alƙaluma. A ƙidayar 2023, Maori sun kusa kashi 18 cikin 100 na mutanen ƙasar, 'yan Fasifik sun kusa kashi 9. A cikin likitocin ƙasar kuwa, Maori wajen kashi 5 ne, 'yan Fasifik ba su kai kashi 3 ba. Sannan Maori yana mutuwa, a matsakaici, shekara bakwai kafin wanda ba Maori ba, a ƙasa ɗaya, da asibitocin gwamnati iri ɗaya.

Abu na biyu, wanda masu suka kan tsallake: sassaucin a ƙofar shiga kaɗai yake. Da an shiga, aji ɗaya ne, jarrabawa ɗaya ce, zagayen asibiti ɗaya ne, hukumar rajistar likitoci ɗaya ce. Wanda ya faɗi ya faɗi, ko jikan wane ne. Babu digirin Maori dabam, na Bature dabam.

Injiniya Kabiru:
Na ji, Dakta. Amma me ya haɗa ƙabilar likita da tsawon ran majiyyaci? Magani ai bai san yare ba.

Hajiya Binta:
Injiniya, bari in shigo nan, don wannan aikina ne. Ni nas ce a Okland. Akwai wani dattijo ɗan Tonga da ake ta kwantarwa ana sallama saboda ciwon suga, ƙafarsa ta fara lalacewa. Duk likitan da ya zo ya yi masa bayani da Turanci, sai ya sunkuyar da kai ya ce to, ya yi godiya. A takardarsa an rubuta cewa ba ya bin umarni. Wata rana wata ƙaramar likita 'yar Tonga ta zo zagaye. Ba ta tsaya a kansa ba, ta jawo kujera ta zauna ƙasa da shi, ta gaishe shi da yarensu, ta tambaye shi ƙauyen da ya fito da cocin da yake zuwa. Sai da suka gama wannan ta taɓo maganar magani. Ashe allurar insulin ɗin da ake ba shi, ba ya yin ta da yamma, saboda gidan cike yake da mutane, abinci kuma ba kullum yake isa kowa ba, yana tsoron ya yi allura bai ci ba ya faɗi. Kunya ta hana shi faɗa wa baƙo cewa babu isasshen abinci a gidansa. A wajensu kuma mayar wa likita magana rashin ladabi ne. Cikin zama ɗaya ta canza masa tsarin maganin, ta haɗa shi da masu taimakon abinci, ta kira babbar 'yarsa ta yi mata bayani.

Magani bai san yare ba, gaskiya ne. Amma sai an sha yake aiki.

Injiniya Kabiru:
Allah ya saka, Hajiya, wannan hujja ce. To amma sai a koya wa dukkan likitoci al'adun mutane, a ɗauki tafintoci. In kuma taimakon ne, a yi shi bisa talauci. Ɗan Maorin da ubansa lauya ne a Welintin ba ya bukatar gurbi na musamman, ɗan Baturen da ya tashi a gidan gwamnati na marasa ƙarfi yana bukata.

Malama Rakiya:
Sannunku da ƙoƙari. Injiniya, Otago ai ta riga ta buɗe gurbin marasa ƙarfi da na 'yan karkara, kowace ƙabila ce. Amma maganar Maori ba ta tsaya a talauci ba, kuma sai an koma tarihi ake gane haka.

A ranar 6 ga Fabrairu 1840 sarakunan Maori suka fara sa hannu a yarjejeniyar Waitangi da masarautar Ingila. An yi musu alkawarin ƙasarsu da dukiyoyinsu, da haƙƙi irin na 'yan Birtaniya. Ba a yi shekara talatin ba aka yi yaƙe-yaƙe, aka kafa dokar ƙwace filaye a 1863, aka kwashe ƙasa mai yawa a Waikato da Taranaki. A 1867 aka yi dokar makarantun 'yan ƙasa, inda Turanci ya zama harshen koyarwa, har ta kai ana dukan yara in sun yi yarensu a harabar makaranta. Akwai tsofaffin da aka yi wa haka da ransu har yau.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne labarin kwalejin Te Aute, makarantar sakandare ta yaran Maori. Shugabanta John Thornton ya shirya yaran Maori don jarrabawar shiga jami'a, kuma suka ci. Daga nan Apirana Ngata ya fito, Maori na farko da ya gama digiri a ƙasar, a kwalejin jami'a ta Kantaberi a 1893, wanda hotonsa ke kan takardar dala 50 a yau. Daga nan Te Rangi Hiroa ya fito, ya gama likitanci a Otago a 1904. Me hukuma ta yi da ta ga haka? A 1906 aka kafa kwamitin bincike, aka matsa wa makarantar ta karkata ga noma da aikin hannu, wai shi ya dace da Maori. Wato an ga suna iyawa, aka tare hanyar da gangan. Shekaru da dama bayan haka masu digiri a cikinsu ƙalilan ne. Don haka gidan Maorin da babu wanda ya taɓa zuwa jami'a ba haka kawai ya wayi gari ba.

Wani abu kuma: filin da Jami'ar Waikato take kai, an mayar wa ƙabilar Waikato-Tainui shi a sulhun da ta yi da gwamnati a 1995, jami'ar haya take biya. Ka ga ko ƙasar da aka kafa ajin, akwai magana a kanta.

Sadiya:
Anti Rakiya na gode, ban taɓa jin labarin Te Aute ba. Amma su 'yan Fasifik fa? Su ai ba su cikin yarjejeniyar Waitangi, baƙi ne kamar kowa. Me ya sa aka haɗa su?

Hajiya Binta:
Sadiya, baƙi ne da aka gayyato. Daga shekarun 1950 zuwa farkon 1970 masana'antu na neman hannu, aka buɗe musu ƙofa suka zo suka yi aikin mayanka da masaƙa da shara. Wasu tsibiran ma, irin su Kuk da Niyuwe da Tokelau, mutanensu 'yan ƙasar Niyuzilan ne a doka, Samowa kuma Niyuzilan ta mulke ta har 1962. Da tattalin arziki ya karye a tsakiyar shekarun 1970, sai 'yan sanda suka riƙa fasa musu gidaje da asuba da karnuka, ana neman waɗanda takardunsu suka ƙare, alhali akwai Turawa da yawa da nasu takardun suka ƙare ba a bi su haka ba. Sai a watan Agusta 2021 Firaminista Jacinda Ardern ta nemi gafara a hukumance. Yawancin 'yan Fasifik na yau a Niyuzilan aka haife su.

Wata abokiyar aikina 'yar Samowa ce, 'yarta tana jami'a. Yarinyar daga kudancin Okland take shiga jirgin ƙasa zuwa tsakiyar gari, ta dawo da yamma ta ɗauko ƙannenta, ta dafa abinci, da dare ta tafi jera kaya a babban kanti. Albashinta cikin kuɗin hayar gida yake shiga, wani a aika tsibiri in an yi rasuwa, wani a kai coci. Ɗaki ɗaya suke kwana su uku, a teburin kicin take karatu bayan kowa ya yi barci. Makin da wannan yarinya ta samu, da na wanda ke da ɗakinsa shi kaɗai da malamin lesin, ba abu ɗaya suke aunawa ba.

Dakta Aminu:
Ni fa a ganina duk wannan hayaniyar kan ƙofar likitanci tana janye hankali daga inda ake asarar gaske. Gurabe nawa ne ake faɗa a kansu? 'Yan ɗaruruwa. Yaran da ake rasawa tun kafin su ga ƙofar jami'a dubbai ne, kuma a sakandare ake rasa su.

A nan, kafin ka shiga jami'a sai ka sami abin da ake kira UE, wato izinin shiga. Gama sakandare kaɗai bai isa ba: sai ka tara maki 14 a kowane ɗaya daga darussa uku da ke cikin jerin da aka amince da su, ban da sharaɗin karatu da rubutu da lissafi. A 'yan ajin ƙarshe, Maori da 'yan Fasifik da ke samun wannan izini wajen ɗaya cikin uku ne, Turawa kuwa sun haura rabi. Ta yaya hakan ke faruwa? Yaro yana shekara 13 ya shigo sakandare, a yi masa gwaji ɗaya, a jefa shi ajin ƙasa. A ajin ƙasa lissafin da ake koyarwa ba ya kai mutum ga aljabara mai zurfi. Yana shekara 15 a ba shi shawarar ya ɗauki darussan da za su cika masa maki cikin sauƙi, makaranta ta samu alƙaluma masu kyau, iyaye su ga takarda an ce ya ci, su yi murna. Sai yana shekara 17 ya ce yana son likitanci ko injiniyanci, a ce masa ai ba ka yi kemistiri ba, ba ka yi fizis ba. Wasu ƙananan makarantun karkara ma babu malamin fizis ɗin sam. An yanke masa hukunci shekara huɗu baya, shi da iyayensa ba su san an yi ba.

Shi ya sa wata cibiya ta ƙabilar Maori ta Ngai Tahu, Tokona te Raki, ta daɗe tana fafutukar a daina raba yara aji-aji bisa zaton ƙwaƙwalwa. Tun 2001 kuma Farfesa Russell Bishop na Waikato ya fara shirin Te Kotahitanga, inda aka zauna aka saurari yaran Maori kansu. Abin da suka fi nanatawa shi ne dangantakarsu da malami, da irin tsammanin da malamin yake yi musu.

Malam Nasiru:
Wannan ya tuna mini da namu tsarin a jami'o'in tarayya a Najeriya: kashi 45 cancanta, kashi 35 'yan yankin jami'a, kashi 20 jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Alhaji Bala, kai da ka yi aiki a ofishin ɗaukar ɗalibai, me ka gani?

Alhaji Bala:
Malam Nasiru, ina biye da ku tun ɗazu. Abin da na gani a shekarun aikina shi ne, gurbi shi kaɗai ba ya raya yaro. Sau da yawa kason jihar da aka bari a baya, ɗan babban ma'aikacin da ya yi makarantar kuɗi a birni ke cinye shi, ɗan ƙauyen da aka yi abin dominsa ko fam bai saya ba. Wanda kuma ya samu ya shigo daga makarantar da babu ɗakin gwaje-gwaje, sai a sake shi cikin aji mai ɗaruruwan mutane, babu mai tambayar yaya yake. Shekara ɗaya, biyu, ka nemi sunansa ka rasa. Abin da ya taimaki mutanenmu sosai a da shi ne karatun share fage, irin na makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda ake cike wa yaro giɓinsa kafin ya shiga digiri. Dakta, su can suna da irin wannan?

Dakta Aminu:
Suna da shi, ranka ya daɗe, kuma shi ne ƙashin bayan abin. A Okland tsarin kashi uku ne. Akwai Whakapiki Ake, masu bin makarantun sakandare suna nemo yaran Maori tun da wuri, su gaya musu darussan da za su riƙe kada su saki. Akwai Hikitia Te Ora, shekara guda ta share fage a kimiyyar lafiya ga wanda bai shirya ba. Sannan MAPAS kanta, wadda ba ta tsaya a ba da gurbi ba. Ana kiran yaro da danginsa, a yi masa gwajin lissafi da Turanci da ganawa, a gaya masa gaskiya: kai ka shiga digiri kai tsaye, kai kuwa ka fara da share fage. Bayan ya shiga akwai ma'aikatan da ke bin sawun makinsa, in ya fara zamewa a kira shi tun kafin jarrabawa. Akwai kuma shirin Tuakana, wanda Farfesa Michael Walker ya fara a sashen nazarin halittu a farkon shekarun 1990, inda ɗaliban da suka yi gaba ke zama yayyen sababbi, su yi musu bita a ƙananan rukuni.

Maganar Alhaji kan wa ke cinye gurbin, tana nan a nan ma, ba zan ɓoye ba. Shi ya sa zuwa makarantun unguwannin marasa ƙarfi ya fi ware gurbin muhimmanci.

Sadiya:
To kuɗin makaranta fa? Na ji an ce kyauta ne.

Dakta Aminu:
Ba duka ba. A 2018 gwamnatin Ardern ta mayar da shekarar farko kyauta, daga 2025 aka mayar da rangwamen shekarar ƙarshe. Masu sukar na farkon sun ce yawancin waɗanda suka amfana dama can za su je jami'a. Akwai bashin karatu, wanda tun 2006 babu ruwa a kansa in kana zaune a ƙasar. Amma yarinyar da Hajiya ta ba da labari, ba kuɗin rajista ne ke danne ta ba, haya ce da cefane da lokacin da ba ta da shi. Rangwamen shekarar ƙarshe kuwa sai ka kai can.

Malama Rakiya:
Kada mu manta Maori ba su zauna jiran jami'o'i takwas na ƙasar su tausaya musu ba. A 1981 suka kafa Te Wananga o Raukawa a garin Otaki, babbar makaranta tasu ta kansu, daga baya aka sami wasu biyu, a Te Awamutu da Whakatane. A 1982 aka buɗe gidan renon yara na farko da ake magana da harshen Maori zalla, kakanni mata ne suka riƙe abin. A 1985 firamaren farko ta harshen, a 1987 harshen ya zama na hukuma. Yaran da suka taso ta wannan hanya yanzu su ne lauyoyi da 'yan majalisa. Amma a cikin jami'o'in kansu da sauran aiki: binciken da Tara McAllister da Sereana Naepi suka jagoranta a 2019 ya nuna Maori wajen kashi 5 ne na malaman jami'a, 'yan Fasifik ba su kai kashi 2 ba. Yaro zai iya gama digiri bai taɓa ganin mai kama da shi a gaban allo ba.

Injiniya Kabiru:
Na yarda da share fage, na yarda da gyaran sakandare, a zuba musu kuɗi ko nawa ne. Amma ware ɗakuna a jami'a a rubuta na Maori da 'yan Fasifik ne, kamar yadda aka yi ta cece-kuce a kai a 2024, wannan raba kan ɗalibai ne. Kuma har yanzu ba a ba ni amsar yaron mai tasi ba.

Hajiya Binta:
Ɗakin nan fa tebura ne da butar shayi da wurin bita, Injiniya. Ɗalibanmu Musulmi ma suna da wurin sallarsu a jami'a, ba wanda ya ce an raba ƙasa. Yaron da shi ne na farko a zuriyarsu, yana bukatar inda zai yi tambaya ba tare da tsoron a ce dama irinsu ba sa ganewa ba. Ka zo bikin yaye ɗalibai ka gani: a kira sunan yarinya ɗaya, dangi su miƙe daga kujerun baya da waƙa da kirari, a rataya mata sarƙoƙin furanni da alewa har su rufe mata haɓa, kakarta na kuka. Ƙannenta na tsaye suna kallo.

Yaron mai tasi kuwa, an ɓata masa rai, ba na musun haka. Amma ko an soke MAPAS gobe, masu maki mai yawa da za a mayar gida sun fi waɗanda za a ɗauka, domin guraben ne suka yi kaɗan. Kuɗin jama'a ke horar da likita, jama'a na da haƙƙin cewa ga irin likitocin da suke bukata, kamar yadda ake ware wa 'yan karkara don ana sa ran su koma karkara. Shi kansa Dakta Shane Reti, wanda yake ministan lafiya lokacin da aka fara maganar sake dubawar, ta ƙofar MAPAS ya shiga likitanci.

Injiniya Kabiru:
To yaushe za a daina? An haura shekara 50. Duk abin da aka ce na gyara ne, ya kamata a san ranar gama shi.

Dakta Aminu:
Ma'aunin a bayyane yake: ranar da likitocin ƙasar suka yi kama da mutanen ƙasar. Abin da ke sa a ga kamar ba a motsi shi ne lissafin aikin kansa. Likita yakan yi shekara 30 zuwa 40 yana aiki, don haka ko aji ɗaya ya fito da adadin da ya dace, ɗigo ne a cikin dubban da ke bakin aiki. A shekarun farko kuma 'yan kaɗan ake ɗauka, sai a 'yan shekarun nan adadin ya ƙaru, kamar a 2016 da Otago ta yaye likitocin Maori 45 a shekara guda. Ga shi fiye da kashi 40 na likitocin ƙasar a waje aka horar da su, ga Ostireliya tana janye wasu da albashi mai tsoka, su kuma Maori da 'yan Fasifik matasa ne, yawansu ƙaruwa yake yi. Sabuwar makarantar likitanci da aka amince a buɗe a Waikato a 2028 za ta ƙara gurabe. In kana son ranar gamawa, Injiniya, ka duba yawan yaran Maori da ke zaune a ajin kemistiri na shekarar ƙarshe a sakandare. Daga can za a fara ganin ta.

Injiniya Kabiru:
To a riƙa wallafa wannan adadin duk shekara, makaranta-makaranta, tare da adadin waɗanda suka shiga ta gurbin da waɗanda suka gama. A kan haka zan iya zama teburi ɗaya da ku. Kan ware gurbi bisa ƙabila kuwa, ina nan a inda nake.